Tsamiyar da Aka Kai Tan'im

Mashi,
9 ga Jimada Awwal, 1445

Zuwa ga jikata Rumasa'u, unguwar Zahir, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hafizu. Ni na iso gida lafiya, in ban da ƙafa da ta kumbura saboda zaman jirgi da na mota. Ita ma ta fara sauka.

Na san labari ya same ku a gutsure, to ga shi daga bakina. Ranar Talata ina fitowa daga mashtal ɗin Sa'ud a Ka'akiyya, inda na ƙarar da ƙarfina wajen renon itatuwa, buhun taki a kafaɗata, sai aka tare hanya ana tambayar takardu. Shekara ashirin da bakwai ina kauce wa wannan tambaya, tun da na zo aikin Hajji na ƙi komawa. Ban yi gardama ba, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Bayan kwana goma sha ɗaya aka ɗauki zanen yatsuna, aka sa mu a jirgi, aka ce kada in sake takowa.

Garin nan ban gane shi ba, shi ma bai gane ni ba. Sa'o'ina kusan duk suna maƙabarta. Ina gidan ɗan ƙanena, ana ce mini Alhaji, ana dama mini fura, ana kuma kallona kamar baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba. Kada ki ɓata katinki wajen kirana a waya. Kin san kunnena, sai dai in yi ta cewa na'am har katin ya ƙare. Hajiya Kabira mai fataucin turare, ita da abokan tafiyarta, ba sa rufa wata ba su leƙa Umra ba. Ta hannunsu za mu riƙa gaisawa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Tsamiyar nan da na roƙe ku na hau da ita saman benenku cikin rabin duro, tana raye? Ki riƙa ba ta ruwa da safe, kwana bibbiyu. Akwai jan zare da na ɗaura a jikinta, kada kowa ya kwance shi. Sannan Hafizu ya taimaka ya biya mashtal, ya karɓo mini ƙananan itatuwana guda biyar da ke cikin kasake a bayan tankin ruwa. Sa'ud ya san nawa ne, ba nasa ba.

Ni da kakarki Asma 'ya'yan wa da ƙani ne, sai dai ita ta bi ta Sudan da ƙafa, ni na bi ta sama. Duk faɗin Makka ba ni da jinin da ya fi ki kusa, ki dubi nisansa kuwa. Don haka sai ki yi haƙuri da kayan tsoho.

Kakanki,
Rabe


Zahir, Makka,
4 ga Jimada Sani

Zuwa ga Tsoho mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, na karanta wa Hafizu, sannan na shiga ɗaki na sake karantawa ni kaɗai na sha kukana. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san Hausata a baki ta fi ƙarfi, a takarda Larabci yana ta yi mini kutse. Ka riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi.

Zan fara da mara daɗi. Hafizu ya je mashtal da dabbab ɗinsa, 'yar motar nan da yake dakon kaya da ita. Sa'ud ya tarbe shi da shayi, ya yi maka addu'a, sannan ya ce ƙananan biyar ɗin wani mutumin Jidda ya gani ya kwashe tun satin da aka kama ka. Wai da ya bar su da sun bushe, tunda ba wanda ya san sirrinsu sai kai. Da Hafizu ya dawo ko abinci bai ci ba.

Ni wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshen layi, wadda ka nuna mini ranar da muka kai maka abincin Sallah. Tsawonta bai wuce buta ba. Ka ce in tsuguna in kalle ta daga ƙasa. Da na tsuguna sai na ga tsohuwar bishiya sosai, saiwoyi a waje, ɓawo duk ya tsattsage, ga inuwa, har na ji kamar in shimfiɗa tabarma in zauna a gindinta. Har yau in na tuna sai in ce Subhanallah, yaya aka yi shekaru masu yawa haka suka shiga kasko ɗaya?

Amma albishirinka. Babbar tana nan, kuma ba ka taɓa ganinta da kyau haka ba. Kwana bibbiyu ya yi mata kaɗan a ganina, kullum nake ba ta, ranar Juma'a in ƙara mata kofin Zamzam. Na kuma zuba mata kashin tattabaru. Ta wuce kan Hafizu, ta wuce katangar bene, daga titi ana hango ta. Matan maƙwabta har hawowa suke yi kallo.

Sai dai akwai mushkila. Ruwan da aka yi makon jiya ya zo da iska, ya kayar da ita, duron ya fasa bututun tanki, ruwa ya sauka har hawa na biyu. Mai gidan da muke haya ya ce bene ba gona ba ne. Da ƙyar Hafizu ya roƙe shi ya ba mu zuwa farkon azumi. Bayan nan in ya ga reshe ɗaya ya leƙo katanga, zai sa a jefar da ita bola. Me za mu yi? Kuma jan zaren nan na mene ne, ko tsari ka yi mata?

Jikarka,
Rumasa'u


Mashi,
2 ga Rajab

Jikata Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Hafizu, Allah ya saka masa da alheri a kan wahalar da ya yi. Ƙafa ta warke, har ina zuwa masallaci ba sanda.

Labarin biyar ɗin ya hana ni cin tuwo kwana biyu. Wadda kika tsuguna wa, shekara goma sha huɗu na yi a kanta. Ta faru ta ƙare. Allah dai ya sa mutumin Jidda ya san ba a kulle su a ɗaki mai sanyin na'ura.

Ke kuma, na ba ki ajiyar itace kin mai da shi ragon layya. Bari in gaya miki asalin abin, don in na faɗi abin da nake so ki yi kada ki ce tsufa ya taɓa ni.

Shekara goma sha biyar ke nan, Sa'ud ya sa aka kawo manyan itatuwa goma sha biyu daga ƙasar sanyi, wani attajiri zai dasa a gidansa na kan dutsen Hada. Larabawa suna ce musu ƙaiƙab. Ganyensu kamar tafin hannu a buɗe, in sanyi ya zo sai ya rikiɗe ya yi ja. Attajirin ya fasa, itatuwan suka zauna mana a mashtal, kowanne ya fi ƙofa tsawo. Akwai abokin aikina mutumin Jawa, Ismail, Allah ya jiƙansa. Wata safiya na same shi da zarto ya datse ɗaya daga ciki, ya bar kututture bai fi taƙi biyu ba, yana shirin kama na biyu. Na riƙe hannunsa na ce ka haukace ne? Ya yi dariya ya ce, "Rabe, ƙaramin itace ba daga ƙarami ake samunsa ba. In ka shuka iri a kasko, mutuwa za ka yi kana jiran gindinsa ya yi kauri. Babba ake nema wanda ya riga ya yi gindi, a sare shi, a sake gina masa kai." Ya ce mutanen gabas mai nisa suna kiran sana'ar bonsai.

Bayan sati uku kututturen nan ya fitar da toho jajaye, ƙanana kamar kunnen ɓera, daga busasshen ɓawo inda babu alamar komai. Rumasa'u, na daɗe a tsaye a kansa. Na sha jin wa'azin tashin matattu, amma ranar na ji shi a jikina. Zafin Makka dai bai bar su ba, kafin Hajji duk sha biyun sun ƙone. Ismail ya ce hanyar daidai ce, itacen ne baƙo, wanne ne a ƙasarku ba ya tsoron rana? Na ce tsamiya.

Wadda ke wurinki na zaɓe ta cikin manya arba'in saboda gindinta. Ki duba yadda ya buɗe a ƙasa sannan ya ɗan karkace. Shekara biyu ina shirya saiwoyinta, nufina in sare ta a ƙarshen sanyin nan. Jan zaren ba tsari ba ne, wurin yanka ne. Ki nemi zarto mai ƙananan haƙora, ki yanke ta daidai zaren, a ɗan karkace don ruwa ya riƙa zurarewa. Ki shafe ciwon da kakin kyandir. Ki ja ta inuwa, ki rage ruwa sosai, tunda babu ganyen da zai sha. Kada ki wuce tsakiyar Sha'aban, lokacin ne ruwan jikinta ke tasowa. In zafi ya kankama aka sare ta, ba za ta tashi ba. Da haka kin huta da mai gida, don kututture ba ya leƙa katanga.

Biyar sun tafi. Cikin duk abin da hannuna ya taɓa a garin nan, ita kaɗai ta rage mini.

Kakanki,
Rabe


Zahir,
24 ga Rajab

Tsoho,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Mun yi murna da jin ƙafa ta warke. Mu ma lafiya, sai Hafizu da mura ta kama, ta kuma sake shi.

Na karanta, na gane, har zarton na saya. Amma ba zan iya ba.

Sau biyu ina hawa bene da shi. Ina ɗora shi a kan zaren sai in ji muryar Ummi. Ka san mahaifiyata Khadijatul Kubra, Allah ya jiƙanta, ka kuma san wadda ta rene ta. Kakata Asma ta yi shekara bakwai a hanya, da ta iso iyakar Harami ta cire takalmi ta shigo da ƙafa. A gidanmu ba a tsinke ko ciyawar da ta fito a tsagar bango. Ina 'yar shekara takwas muka je shan iska Muzdalifa bayan an yi ruwa, na karya wani ɗan reshe ina wasa da shi. Ummi ba ta dake ni ba. Zama ta yi a ƙasa tana kuka, ta ce, "Garin da aka hana a firgita tsuntsunsa, aka hana a sare itacensa, shi kika sa wa hannu?" Washegari ta tashi da azumi, ta sa na kai sadakar gurasa da hannuna.

Na san abin da za ka ce. Na tambayi malamin masallacinmu, ya ce hanin a kan abin da ya tsiro da kansa ne, wanda mutum ya dasa ya rena babu laifi a wurin malamanmu. Hafizu ma ya ce ai ko itatuwan titi ana yi musu aski. Kaina ya yarda, hannuna ne ya ƙi. Kuma wannan ba aski ba ne, Tsoho, fille kai ne. Bishiya mai rai tana cikin ganiyarta, tsuntsaye sun fara sauka a kanta, kuma a cikin Harami.

Hafizu ya ce to shi zai yanke. Na ce a'a, ni aka ba amana, in ya yanke da izinina ai ni na yanke. Na nemi inda za a dasa ta a ƙasa. Masallatai biyu sun ce babu wuri, Sa'ud ya ce abin da ya fita daga mashtal ba ya komawa. Saura wata guda da 'yan kwanaki a fara azumi.

Don Allah ka nemo mini wata hanyar, kuma kada ka yi fushi da ni.

Rumasa'u


Mashi,
6 ga Sha'aban

Rumasa'u,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Na ga takardarki. Ki ajiye zarton, kada ki taɓa ta. Mai gida ya yi abin da ya ga dama. Ba zan sake tayar miki da maganar nan ba.

Rabe


Zahir,
6 ga Ramadan

Kaka Rabe,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina fata azumi bai yi maka nauyi ba. Mu muna lafiya.

Layi huɗu ka rubuto mini. Babu jikata, babu tsokana, ko Hafizu ba ka ambata ba. Na san fushin manya ba ya ihu. Na yi kwana biyu ina hawa bene ina kewaya tsamiyar nan, na rasa abin da ke mini daɗi. Ga mai gida kullum in mun haɗu a matakala sai ya ɗaga kai ya kalli sama.

Rana ta uku maƙwabciyata Samah ta leƙo aron jaka, ta ce za ta je Tan'im ta ɗauro ihrami ta yi Umra kafin cunkoson azumi. Ta ce, "Bari in fita daga Harami in dawo." Tana fita na zauna a bakin gado. Iyakar nan tana kusa da mu, daga Zahir tafiyar kwata ce a mota, tun ina yarinya nake wuce ta. In mutum yana fita ya dawo, me zai hana itace?

Ranar Laraba, sha takwas ga Sha'aban, da sassafe, Hafizu da maƙwabta biyu suka sauko da ita hawa huɗu da igiya, na naɗe rassanta da tsohon zanena. Muka ɗora ta a dabbab tana rangaji, motoci suna ta yi mana oda. Muka wuce ginshiƙan nan da aka rubuta ƙarshen iyakar Harami, muka ƙara gaba da masallaci kaɗan, muka tsaya a wani fili. Motocin masu Umra suna ta sauke mutane cikin fararen kaya, talbiya tana tashi ta ko'ina.

Na yi Bismillah na ɗora zarton a kan zaren. Wannan karon hannuna bai ƙi ba. Amma ba ka gaya mini tsamiya tauri ne da ita haka ba, na yi ta ja har tafina ya yi bororo. Ina cikin haka wani dattijo da ihrami a jikinsa ya tsaya a kaina, ya ce da Hausar Damagaram, "Baiwar Allah, mi tsamiya ta yi maki?" Na ba shi labari a taƙaice, naka da na Ummi. Sai ya gyara mayafinsa ya kama ta daga sama, ya ce, "In ta faɗi da kanta za ta yage ɓawo. Ci gaba, na riƙe." Shi da Hafizu suka riƙe har na kai ƙarshe.

Da suka ɗauke kan, sai wurin ya yi fili. Wani ƙamshi mai tsami-tsami ya tashi. Na leƙa yankan, gefe fari, tsakiya duhu kamar cikin dabino, ga zobe cikin zobe, duk a jiƙe. Ban taɓa ganin cikin abu mai rai haka ba. Tsoro ya kama ni, na kuma ji kamar an nuna mini abin da ba kowa ake nuna wa ba. Na narka kyandir a murhun shayin Hafizu na shafe ciwon. Wani mai awaki ya roƙi ganyen muka ba shi. Dattijon ya yi mana addu'a ya bi motarsu, ko sunansa ban tambaya ba. Muka juyo, muka sake wuce ginshiƙan da kututture a bayan mota.

Mai gida ya hau ya gani, ya yi dariya ya ce wannan ai turmi ne, a bar shi ya zauna abinsa.

To amma yau kwana goma sha bakwai ke nan tsamiyar ba ta ce komai ba. Na wuce lokacin da ka ɗiba da kwana uku, kuma garin ya fara zafi. Tana inuwar tanki, ruwa kaɗan nake ba ta yadda ka ce. Kullum da safe ina bin ɓawon da yatsa, babu komai. Ina tsoron na yi biyu babu, na saɓa maka da ka ce in yanke, na sake saɓa maka da ka ce in bari, na kuma kashe maka ita da hannuna.

Ka rubuto ko da faɗa ne.

Jikarka,
Rumasa'u


Zahir,
15 ga Ramadan

Tsoho,

Sallama da gaisuwa, muna lafiya. A tsaye nake rubutu, Hajiya Kabira gobe za ta tashi. Ashe takardata ta ranar shida ga wata ma tana cikin jakarta har yanzu, ta ce ba ta iya barin garin nan a farkon azumi ba. Don haka biyu za ka samu tare.

Tsamiya ta tashi.

Shekaranjiya da hantsi na hau shanya, na ga wani abu kamar ƙwayar gero a jikinta, ƙasa da yankan da yatsa biyu. Na ɗauka ƙwaro ne, har na kai hannu zan kaɗe, Allah ya tsare. Jiya suka zama huɗu. Yau bakwai, na farkon har ya buɗe 'yan ganye jere biyu, ja-ja, ba su kai farcen jariri ba.

Na zauna a ƙasa da azumi a bakina ina kallo har rana ta kore ni. Ɓawon nan na shafa shi ya fi sau ɗari, babu ƙofa, babu tsaga. Ta ina suka san hanya? Duk kwanakin da nake kuka a kanta ashe aiki take yi a ciki. Na kira Hafizu ya bar lodi ya zo, ya tsaya ya cire hularsa, ya ce Allahu Akbar a hankali.

Yanzu ka ce ana gina mata sabon kai. Uku ne a sama. Ɗaya a kan leɓen yankan ya miƙe tsaye, ɗaya a gefe ya fi kowa ƙiba, ɗaya ƙarami a bayan karkatar. Wanne zan bari? Ko kana fushi ka amsa mini wannan.

Rumasa'u


Mashi,
3 ga Shawwal

Jikata Rumasa'u, 'yar Khadijatul Kubra, jikar Asma,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, ke da Hafizu, Allah ya karɓi ibadunmu. Ina lafiya, na kai azumina duka ban sha ko ɗaya ba.

Takardunki biyu sun zo tare. Na karanta ta farko, na riƙe ta biyu a hannu na kasa buɗewa, sai da na yi alwala na yi raka'a biyu.

Ba fushi na yi ba, kunya na ji. Shekara ashirin da bakwai ina sara ina datsa a cikin Harami. Ban yi laifi ba, malamin masallacinku gaskiya ya faɗa. Amma ko sau ɗaya hannuna bai taɓa yin nauyi ba. Na shigo garin nan ina kuka, na zauna har ya zame mini wurin aiki kawai. Da na karanta labarin mahaifiyarki a Muzdalifa sai na ga abin da na zo da shi na yar a hanya, ga shi a hannunki bai ko tsage ba. Na ce itace bai kai in fasa miki wannan ba. Na gajarta takardar ne don na san in na tsawaita roƙonki zan yi. Na yi wa tsamiyar makoki na gama.

Sai ga labarin Tan'im. Na yi dariya har mutanen gida suka leƙo ko lafiya, daga baya dariyar ta juye ta zama wani abu. Na zauna da malamai, na zauna da masu itace, ban taɓa jin wanda ya ɗauki bishiya a mota ya fita da ita iyaka ba. Dattijon Damagaram kuwa manomi ne, ko ba a faɗa ba. Allah ya karɓi Umrarsa.

Game da toho, kada ki cire ko ɗaya sai sun kai taƙi guda, su ne ke ciyar da saiwa yanzu. Bayan nan ɗaya zai zama kai, biyu su zama rassa, sauran a cire. Wanne ne kai? Ba zan faɗa ba. Ba a zaɓa daga takarda. Wanda yake kewaya ta kullum, ya san ta inda rana ke faɗo mata, shi ke zaɓa. In kin yi kuskure za ta nuna miki, tsamiya ba ta da riƙo.

Tun da na dawo nake tambayar masu tafiya ko akwai hanyar da tsoho zai bi ya koma. Na daina. An fitar da ni ta hanyar Jidda kuma ba zan dawo ba, yau ne karo na farko da na faɗa da bakina. Ita ta fita ta Tan'im, ta dawo, ta zauna, ta yi toho. Wannan ya ishe ni.

Aikin da ke gabanta shekara goma ne ko fiye. Baɗi za a rage saiwa a mai da ita kasko, bayan nan a tanƙwara rassa da wayar tagulla, kowace shekara kuma a yi aski. Zan rubuto miki duk abin da na sani tun idona yana gani, amma ƙarshensa ba ni zan gani ba. Daga yau ba ajiya ba ce, taki ce. Ki ce wa Hafizu ya kula da dabbab ɗin nan da kyau, don duk shekara akwai tafiya Tan'im.

Allah ya bar ki a garin da kike jin nauyinsa.

Kakanki,
Rabe